Kunnen Hagu

Ni ke riƙe da makullin ɗakin gwaji.
Shekara goma sha tara ina tada janareta a Aliero
har ya cinye mini kunnen hagu.
Ban gaya wa kowa ba.
In an yi magana ta wannan gefen sai in gyaɗa kai,
a ce Malam Sahabi akwai haƙuri.

Bana ɗalibai tara aka ba aiki guda:
a ƙera abin sauti da mutum zai saka a jikinsa.
Ɗakin ya koma rumfar mai gyaran rediyo,
ƙaurin dalma, guntayen waya ja da baƙa,
batirin matacciyar salula an ɓamɓaro shi da wuƙa.
Wani ya ƙone yatsa, ya tsotsa, ya ci gaba.

Nafi'u ya ɗinke lasifika a bakin hula,
wai don ɗan acaɓa, kunne a buɗe, hon na shiga.
Hular ta yi nauyi ta baya, sai zamewa take.
Mainasara ya yi abin wuya da gora
mai faɗin farashin albasa a kasuwa uku.
Ran gwaji ya ce buhu naira bakwai,
aka yi dariya har mai shara ta leƙo.

Luba ba ta da surutu.
Kakin zuma ta zo da shi a gwangwanin madara
tana bin mutane: a ba ni aron kunne.
Ta ɗauki na 'yan ajinsu, ta ɗauki na mai shayi,
ta ce ba ta ga biyu iri ɗaya ba.
Mahaifinta da injin ban-ruwa yake kwana a fadama,
yanzu sai an dafa kafaɗarsa yake sanin an yi sallama.
So take ta danne ƙarar inji
ta bar wa muryar mutum hanya.
Sau shida tana haɗawa,
sau shida abin na kuka kamar gyare a cikin tulu.

Ranar kare aiki baƙon malami ya zo,
tabarau a kan hanci, jan biro a hannu.
Aka ɗauke wuta.
Na fita na ja igiya, tsohon abokin gabana ya tashi.
Aka ce wa zai gwada?
Luba ba ta dubi kowa ba sai ni.
"Baba Sahabi, taho ka zamna. Na hagun."

Ashe ta sani.
Ashe shi ya sa tun zangon farko
ta dama take zagayowa in za ta roƙi makulli.

Ɗan abu ne kamar ƙwallon dabino.
Da kunnen mahaifinta aka auna, ya yi mini yawa,
sai ta tallafe shi da yatsa.
Janareta ya ja da baya, ya tafi can bayan gari.
Na ji an juya takarda.
Na ji biro na ƙarta.
Na ji wani a layin ƙarshe yana raɗa,
Allah ya sa kar ya yi kuka,
ban san ko abin yake nufi ko ni ba.

Minti huɗu.
Batir ya ɗau zafi, ta zare da sauri.
Baƙo ya ce salatif ya yi yawa, a sake kwanso,
a yi maganin zafin nan kafin a kai kunnen kowa.
Gaskiyarsa.
Sittin da uku ya ba ta.

Da yamma na share dalma, na kashe inji, na kulle.
Ta tafi da abinta, dama ba don ni aka yi ba.
A hanya motocin albasa suka wuce ta haguna
shiru, kamar kullum.

Da safe na tarar da ita a bakin ƙofa,
an gama jarrabawa, ba ta da sauran aiki a nan.
Gwangwanin madara a hannunta,
kakin da ɗuminsa.